Ƙugin Ɗakin Kawu

A duk layin masu gyara babu wanda ya kai Dalma ƙin ƙugi. Ba ƙugin mota ake nufi ba, wannan ɗan siririn "mmmm" ɗin da ke fitowa daga sifika idan an kunna amfilifaya ba a sa komai ba. Mutane da yawa ba sa ma jin sa. Ita kuwa ko gaisuwa ta shiga gidan mutane, da zarar kunnenta ya kama shi, shi ke nan hira ta mutu. Za ka ga tana amsa "lafiya lau" idonta na bayan talabijin, kafin a kawo mata ruwa har ta tsuguna tana laluben wayoyi. Mijinta, direban motar burodi, ya ce shi kam ya gaji: a fita da mace tsaf-tsaf a matsayin baƙi, a dawo da ita da yanar gizo a ɗankwali.

Sunan nata daga zaren dalmar liƙi ya fito, wanda take naɗewa a wuyan hannu kamar awarwaro don kada ta yi ta nema. Tun tana budurwa aka laƙa mata shi, har ya danne sunanta na gaskiya. Shagonta a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, tsakanin mai yankan makulli da mai sayar da gilashin waya. In ka miƙe tsaye a ciki ba shiri, ƙeyarka za ta ba ka labari. Teburi ɗaya ne, duk tabon ƙuna, sai fashasshen madubin da take jinginawa don ta riƙa ganin fuskar talabijin tana aiki a bayansa, sai gwangwanayen madara cike da kusoshi, kowanne da irin nasa.

Shagon na mahaifinta ne. 'Ya'yansa maza ya so su gaje shi, amma ɗaya ya ce hayaƙin dalma na sa shi tari, ɗayan kuma ƙwallo ta ɗauke masa hankali. Ita abinci kawai ake aikowa ta kawo, sai ta ajiye kwano ta ƙi tafiya. Da hannun tsohon ya fara rawa, sai aikin ya rabu biyu: shi ya faɗa, ita ta liƙa. Bayan rasuwarsa mutane sukan zo da rediyo a hammata, su dube ta, su leƙa bayanta, su ce, "Ina mai shagon?" Ba ta taɓa ɓata bakinta da gardama ba. Sai ta ce, "Ya ɗan fita, ajiye." Su dawo su tarar da kayansu na magana raɗau. Da aka jima aka daina tambayar mai shagon, domin an lura mutumin ya daɗe da yawa a wannan fitar.

Tana da ɗabi'u biyu a aiki, kuma saboda su mutane ke tsallake shaguna su zo wurinta. Ta farko, ba ta kwance ko kusa ɗaya sai ta tambaye ka yadda kake amfani da abin: wa ke kunnawa, a ina yake zaune, akwai yara ko babu. Ta biyu, in ta gama, sai ta ƙure murya ba tare da ta sa komai ba, ta manna kunnenta a jikin sifika. In ta ji ko ɗis, sai ta ja tsaki ta sake kwancewa, ko da mai kayan ya rantse shi bai ji komai ba. Takan ce kowa ya iya sa abu ya yi ƙara, amma sa shi ya yi shiru, nan ake gane mai hannu. Kai, mace ce mai taurin kai! Amma fa in ta ce maka an gama, to an gama.

Kawu ƙanin mahaifiyarta ne, tsohon tela. Ba rana ɗaya idonsa ya tafi ba. Gefe-gefe ciwon ya fara ci, har ya rage masa kamar mai leƙe ta kafar allura, daga baya wannan ma ta toshe. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, sai 'yarsa Auta kaɗai ke aure a kusa. Shi kuwa yana nan a ɗakin da ya tsufa a ciki, 'yan haya na sauran ɗakunan. Da kansa yake zuwa famfo, da kansa yake ninke kayansa, irin ninkin tela da ko guga ba ta nuna masa layi. In ka kama hannunsa za ka ja shi, ranar ka ji abin da ba ka so.

Abokan zamansa huɗu ne: rediyo, rakoda da tulin kaset, talabijin da yake sauraron ƙwallo a ciki, da wayar hannu da 'ya'yansa ke kira. Dukkansu ta wata tsohuwar amfilifaya yake jin su, mai manyan sifiku biyu a kan kabad, domin ya ce muryar ƙananan sifiku kamar sauro take masa a kunne. Matsalar ita ce mashiga ɗaya ce ta rage mai aiki a bayan amfilifayar. Duk lokacin da zai canza, sai ya zura hannu bayan kabad ya zare filogin wannan ya cusa na wancan. Yana cikin wannan lalube wata rana yatsansa ya faɗa kan wayar wuta da ɓera ya gaigaye. Wuta ta make shi har ya zauna daɓas, ɗan haya ya ji ƙara ya rugo.

Auta ta zo ranta a ɓace, kuma da gaskiyarta. Ta ce ɗaki na nan a gidanta a saman bene, da banɗaki a ciki, ba abin da zai nema ya rasa. Kawu ya ce ya san ɗakin, ya kuma san abin da zai zama a ciki: a ajiye shi a kujera, a kawo, a ɗauke, in zai sauka ƙasa sai an sami mai lokacin riƙe shi. Aka yi ta ja-in-ja, Dalma na zaune a gefen gado, idonta na kan cukurkuɗaɗɗun wayoyin bayan kabad.

Can ta ce, "Auta, in na yi masa abin da ba zai ƙara kai hannu bayan kabad ɗin nan ba fa?"

Auta ta harare ta. "Yaya Dalma, ke komai a duniya waya ce ke gyara shi."

"Ba komai ba. Wannan dai."

Auta ta juya ga mahaifinta. "To, Baba, na yarda. Amma ka ji da kyau, ga Yaya shaida. In aka sake, ko da tuntuɓe ne, ba gardama, sai gidana."

Kawu ya ce ya ji. Muryarsa ta yi ƙasa, don ya san Auta ba ta magana biyu.

Kamar kullum, da tambaya Dalma ta fara. "Kawu, da ka tashi me kake fara ji?"

"Labarai mana. Sai in na karya in sa kaset. Da yamma ƙwallo, in akwai. Waya kuwa sai sanda aka tuna da ni."

"In ba ka son jin komai fa?"

"Sai in zare filogin in bar shi yana lilo. Amfilifayar dai ba na kashewa, makunninta ya daɗe da yin gardama."

Ta gyaɗa kai. A ranta ta ce ashe shi ya sa ɗakin nan ke ƙugi tun tana yarinya, duk zuwan da take yi sai ta cije haƙori saboda girman Kawu. To yau Allah ya kawo ranarsa.

Makunni mai juyawa ta nemo, irin na tsohuwar fanka, sai dai shi ƙafafunsa sun fi yawa. A bayansa akwai ƙafa biyu a tsakiya, su take kira uwaye, ɗaya ta sifikar dama, ɗaya ta hagu, kuma su ne za su tafi amfilifaya. Sauran ƙafafun sun kewaye su, kowace na'ura da nata biyu. In ka juya, ƙas, uwayen su saki waɗannan su kama na gaba. Inda sabon hannu ke shan kashi shi ne, kai ta baya kake liƙi, mai kaya kuwa ta gaba zai juya, don haka damanka hagunsa ce. Sai ka gama kana murna ka ga rediyo ya koma ƙarshe. Saboda haka Dalma ba ta ɗora dalma sai ta bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da mitar gwajin wuta, tana juyawa tana ɗiga musu jan farce. Mijinta ne ya taɓa sayo mata jan farcen don kwalliya, bai ƙara ganinsa a gida ba.

Ta jera su yadda ranar Kawu take tafiya: rediyo a farko, sai kaset, sai talabijin, sai waya. Kowace wayar sauti tana da wata riga ta saƙaƙƙiyar tagulla a ƙarƙashin robarta, wadda masu gyara ke kira wayar ƙasa, ita ce ke kwashe ƙazantar sauti. Ta tattara rigunan nan duka ta liƙe su a kan tagulla ɗaya mai kauri, ta ɗaure ta wuri guda a jikin akwatin ƙarfen da ta sa makunnin a ciki. Mazauni na biyar na makunnin kuwa, na ƙarshe, shi ta ware wa shiru. Ta kama ƙafafunsa biyu ta liƙe su kai tsaye da wayar ƙasa, yadda ko numfashi ba zai wuce ba. Mariƙin tsohon murhun gas ta sa a gaba, mai doro a tsakiya, don yatsa ya san inda ya fuskanta. Ta goge bakin akwatin da magagari har ya yi sumul.

Ranar da ta kai, ta canza wayar da ɓera ya ci, ta bi sauran ta kafe su a bango, ta tura kabad ɗin ya manne. Ta ɗaure akwatin a hannun kujerar Kawu, ta ɗora tafinsa a kai. Ƙas, ga mai karanta labarai. Ƙas, ga kaset. Kawu ya yi ta juyawa gaba da baya yana dariya, har haƙoransa biyu na gaba da suka rage suka fito sarai. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Da ubanki na nan da ya yi kishi." Ta kai mariƙin ƙarshe, ta ƙure murya, ta manna kunne a sifika. Tsit. Daɗi ya kama ta har cikin ƙashi, ta tafi gida tana 'yar waƙa a hanya.

Ba a daɗe ba Auta ta kira ta da rana tsaka, tana shago da buɗaɗɗen talabijin a gabanta.

"Yaya, ki zo. Baba ya faɗi."

Ta bar wa mai makulli shagon a buɗe ta fita, ƙarfen liƙinta ma shi ya zare mata. Ta tarar da Kawu a bakin gado da filasta a goshi, rigarsa da ɗigon jini. Ɗan haya ne ya tsince shi a ƙasa tsakanin teburi da keken ɗinkinsa. A kan gadon ga wata babbar jaka a buɗe, Auta na ta cusa kayansa a ciki ba ninki ba komai, tana yi tana share ido da bayan hannu.

"Akwatin naki ne ya ja shi?" in ji Auta, ba ta ko juyo ba.

"Wuta ba ta bi ta cikinsa. Kawu, me ya faru?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, muryar ba irin tasa ba ce. "Barci na ɗan yi. Na tashi zan je famfo, hulata ta faɗi, na juya na ɗauka. Da na ɗago sai na rasa ɗakin. Ban san ina ƙofa ba, ban san ina gado ba. Ɗakin da na tsufa a ciki, 'yar nan. Na miƙa hannu ban taɓa komai ba, na yi gaba, sai ji na yi a ƙasa." Ya shafa filastar goshinsa. "Ba yau ya fara ba. Kwanan nan sai in tsaya in rasa gabana. Ina jin kan ne ya fara tafiya. Ki bar ta ta haɗa kayan."

Wannan maganar ta ƙarshe ta fi komai taɓa Dalma. Mutumin da ko hannunsa ba a kamawa, yau shi ne da bakinsa yake cewa a kwashe shi. Tausayi ya kama ta, ga kuma tsoro, don in kan ne da gaske, babu dalmar da za ta liƙe shi. Sai ta yi abin da ta iya. Ta durƙusa gaban kujera ta kwance murfin akwatin, ko don Auta ta ga ba wutar da ta zubo. Ta zare filogin da ke tafiya amfilifaya, ta taɓa bakinsa da yatsa, irin gwajin da kowane mai gyara ke yi don ya ji ko layi na da rai. Nan take sifikun suka ɗauka: mmmmm.

Kawu ya ɗago kai firgigit, ya juya fuskarsa daidai saitin kabad.

"Yauwa! Ga kabad can," in ji shi. Ya ɗaga hannu ya nuna dama. "To ga ƙofa nan."

Kuma nan ƙofar take. Dalma ta ɗauke yatsanta, ɗakin ya yi tsit, hannun Kawu ya tsaya a sama yana neman abin da yake nunawa. Ta mayar da yatsan, ya ce, "Ga shi ya dawo." Nan Dalma ta gane. Shekaru da shekaru amfilifayar nan na ƙugi daga wuri ɗaya, dare da rana, tun idonsa na gani. Da idon ya tafi, kunnen ya kama ƙugin ya riƙe, shi kansa bai san yana yi ba. Da shi yake sanin ina gabas ɗin ɗakinsa. In rediyo na magana, muryar na yi masa jagora, amma in ya kwanta ya kai mariƙi ƙarshe, sai shirun nan nata mai kyau, wanda ta tafi gida tana yi wa waƙa. Ita ce ta shigo da gwanintarta ta shafe wa makaho hanyarsa.

"Auta, ajiye jakar nan," ta ce. "Ba kansa ba ne. Aikina ne."

Ta yi mata bayani a taƙaice, ba ta rage wa kanta komai ba. Auta ta saurara hannunta riƙe da wandon mahaifinta. Ta ce, "Yaya, ko ma mene ne, jini fa ya zuba. Mun yi magana da shi, ke ce shaida."

"Ni ce shaida, kuma ni na kayar da shi. Tuntuɓen nawa ne, ba nasa ba. Ki ba ni zuwa la'asar. In na gama kika ga ba haka ba, ni zan ɗaukar miki jakar har mota."

Auta ta jefa wandon cikin jaka. Ta zauna a kan keken ɗinki ta naɗe hannu.

Dalma ta koma shago ta ɗauko ƙarfen liƙi. Mai makulli ya tambaye ta lafiya, ta ce ƙugi za ta je ta haɗa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya zaci wasa take. Da ta dawo ta shimfiɗa jarida a ƙasa, ta kwantar da akwatin ta baya. Ga ƙafafun nan biyu na mazauni na biyar, liƙinsu na ƙyalli, mafi kyawun liƙi a duk cikin akwatin. Ta dube su, ta ja numfashi, ta ɗora musu ƙarfe mai zafi ta raba su da wayar ƙasa. Sannan ta yanko tsirarar waya mai tsawon kamu ɗaya, ta liƙa a kansu, ta huda ɗan rami ta fito da ita waje tana reto. Irin wannan wayar ce take tsinewa in ta gan ta a aikin wani, domin ita ke tsinto ƙugi daga wutar gida ta kai wa sifika. Yau ga ta tana dasa ta da hannunta, har da gyara mata zama.

Ta juya mariƙi ƙarshe. Ɗakin ya ɗauki gurnani har gilashin kabad na rawa.

"Kai, kai! Wannan ai injin niƙa ne," in ji Kawu. "Rage."

Ta sa filaya ta datse kaɗan daga bakin wayar.

"Ƙara ragewa."

Ta ƙara datsewa. Ya karkata kai, ya ce har yanzu ya yi kauri, nasa na da ya fi wannan ladabi. Haka suka yi ta yi, tana yanka yana gwadawa, kamar yadda shi ma a zamaninsa yake rage wa mutane hannun riga. Sau ɗaya ta zarce, ya ce ya ɓace, dole ta sake liƙa sabuwa ta faro daga farko. Ba ta yi tsaki ba, ko sau ɗaya. Gumi na bin goshinta, haƙoranta a cije. Da wayar ta dawo kamar tsawon ɗan yatsa, Kawu ya ɗaga tafi.

"Tsaya nan. Kada ki ƙara taɓa shi. Shi ne."

Ta sa wa wayar rigar roba, ta lanƙwasa ta ciki, ta ɗaure ta yadda ba za ta motsa ba, ta sake tambayarsa ko ya canza. Ya ce yana nan. Ta rufe murfi ta ɗaure kusoshi.

Kawu ne da kansa ya ce a gwada. Ya miƙe ya ce wa Auta ta kai shi tsakiyar ɗaki, ta jujjuya shi yadda ta ga dama, ta sake shi. Auta ta ce haba Baba, da ciwo a goshinka? Ya ce in ba ta gani da idonta ba, ko ta bar shi ba za ta yi barci ba, shi kuma ba ya son zaman da za a riƙa yi masa waya kowace sa'a ana tambayar ko ya faɗi. Ta kama kafaɗunsa, ta juya shi a hankali, ta sake juyawa, ta bar shi yana fuskantar bango.

Ya tsaya. Ya ɗan karkata kai hagu, ya karkata dama, ya juyo. Ya ɗaga ƙafa ya fara tafiya. Auta ta kasa haƙuri. Ta zare takalmanta, ta lallaɓa ta sha gabansa, tana ja da baya hannuwanta a buɗe don ta tare shi in ya tafi. Ko motsin zanenta Dalma ba ta ji ba.

Kawu ya ja ya tsaya.

"Auta, matsa gefe. Kin shiga tsakanina da sifika."

Auta ta buɗe baki ta dubi Dalma. Dalma ta yi mata alama da kai. Da ƙyar yarinyar nan ta janye jikinta ta jingina da bango, ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, kuma duk wanda ya ga fuskarta ya san wannan ya fi mata ɗaukar jaka wuya. Kawu ya wuce ta. Ya kauce wa kusurwar teburin da ta fasa masa goshi, bai ko shafa ta ba. Ya fita ƙofa, suka ji ƙarar famfo, suka ji ya rufe. Ya dawo fuskarsa da danshi, ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara kaɗan, ya miƙe sak zuwa kujerarsa ya zauna.

Auta ta goge fuska da gefen mayafi, ta je bakin gado ta jawo jakar. Ta zaro riga ɗaya duk ta cukuikuye, ta tsaya da ita a hannu tana duban kabad.

"Baba, rigunan a wane ɓangare suke zama?"

"Bar su," in ji Kawu. "In kika mayar, ni da su sai a lahira. Kuma na ji irin cusawar da kika yi musu. Miƙo nan."

Ta kawo jakar ta ajiye a gaban ƙafafunsa. Ya ɗauki rigar ya karkaɗe, ya shimfiɗa ta a cinya, ya bi kafaɗa da yatsa har ya sami ɗinkin, ya haɗa hannu da hannu ya ninke. Ya tashi ya kai ta kabad, ya dawo ya ɗauki ta biyu. Kayan na da yawa, kuma a hankali yake yi. Dalma da Auta suka zauna a bakin gado kafaɗa da kafaɗa suna kallonsa, ba wadda ta tashi ta taya shi.